Wace Hanyar Tsara Aiki Ta Fi Dacewa da Jami'ar da Ke Son Sauya Alƙibla?

Jami'ar da ta ƙudurta haɗe tsangayoyi, ko sabunta manhajar karatu, ko mayar da rajistar ɗalibai kan intanet, za ta tarar ana tallata mata hanyoyi uku: PRINCE2, da jagorar PMBOK, da Scrum. Ni dai PRINCE2 na fifita, saboda yadda ake mulkin jami'a.

Gwamnatin Birtaniya ce ta fito da PRINCE2 a 1996. Tana wajabta kafa kwamitin aiki mai kujeru uku: mai yanke hukunci, da wakilin waɗanda za su amfana da aikin, da wakilin masu aiwatar da shi. A jami'a, inda majalisar malamai ke riƙe da harkar karatu, hukumar gudanarwa kuma ke riƙe da kuɗi, kujerar ta biyu ce ke hana a ƙaƙaba wa malamai da ɗalibai sauyin da ba a tuntuɓe su a kansa ba. Ana kuma raba aikin mataki-mataki, ba a shiga na gaba sai kwamiti ya tabbatar hujjar yin aikin tana nan, don haka ana iya jera matakan bisa zangon karatu, a kauce wa lokacin jarrabawa, a kuma dakatar da aikin da ya koma asara. Takardunta suna da yawa kam, amma jami'a ba baƙuwar takarda ba ce.

PMBOK ta cibiyar ƙwararrun gudanar da ayyuka ta PMI da ke Amurka littafin dubawa ce kawai. Scrum kuwa, mai zagayen aiki da bai wuce wata ɗaya ba, a bar wa sashen kwamfuta.

Babban haɗarin yana wajen masu sayar da shawara. Na taɓa ganin wanda ya karɓi kuɗin tsara haɗe sassa, ya miƙa jadawalin Gantt mai launuka, wato zanen da ke nuna lokacin kowane aiki, bai zauna da shugaban sashe ko ɗaya ba, aikin kuma ya mutu a zaman majalisa na farko. Wasu lasisin manhajar kwamfuta suke sayarwa da sunan hanyar aiki, wasu kuma shaidar bogi suke yawo da ita. A tantance shaidar PRINCE2 wajen PeopleCert, kamfanin da ke ba da ita, ta PMP kuma, wato shaidar ƙwarewa da PMI ke bayarwa, a rajistar PMI. A lura cewa matakin Foundation na shaidar PRINCE2 sanin ƙa'idoji kawai yake tabbatarwa, don haka a nemi matakin da ke gaba da shi, wato Practitioner, a nemi sunan jami'ar da mutumin ya yi wa aiki a tuntuɓe ta, kuma a rubuta cikin kwangila cewa ba za a biya kuɗin mataki ba sai kwamiti ya amince da shi.