Yini Guda a Birnin Zazzau Tare da Ɗan Jagora: Yadda Ta Kaya

Shekarata goma sha ɗaya a Samaru, amma in ba ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa ba, ban taɓa shiga cikin birni don birnin kansa ba. 'Yata ce ta tayar da maganar a wani hutu, bayan an ba su aikin gida a kan Sarauniya Amina. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo, malamin makaranta mai ritaya, haifaffen cikin gari, wanda yake zagayawa da baƙi ranakun Asabar. Muka yi waya, muka daidaita a kan naira 15,000 na yini guda, mota tawa, mai nawa.

Mun yi da shi ƙarfe takwas a Ƙofar Doka, bai iso ba sai tara saura kwata. Wannan jinkiri ya cuce mu daga baya. Amma da ya shiga mota ya buɗe baki, sai fushina ya sauka. Kafin mu kai Fada ya jero mana ƙofofi, su Kuyambana da Gayan da Kona da Tukur-Tukur da Jatau da Kibo, yana nuna sashen da kowacce take. Ya sa na tsaya inda wani guntun ganuwa ya rage. Jar ƙasa ce tuli guda, gefe an yashe ta an buga bulo, gefe an mayar bola, awaki na hawa suna sauka. 'Yata ta dafa, ƙasar ta marmashe a tafin hannunta. Ta ce, "Abba, wannan ce ganuwar da ke cikin littafinmu?" Na ce ita ce. Wallahi sai da na ji kunyar yarinyar.

A Fada ba mu daɗe ba. Mun gaisa da dogarai, mun kalli zanen da ke jikin ƙofa, Malam ya bayyana mana gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, da yadda sarauta ta koma gidan Mallawa a 2020 bayan rasuwar Sarki Shehu Idris, wanda ya hau tun 1975. Ya kawo labarin Makau, sarkin Haɓe da masu jihadi suka kora ya yi kudu, har ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Shi ya sa har gobe ake ce wa sarkin can Sarkin Zazzau.

Masallacin Juma'a kuwa, ko shi kaɗai muka gani kuɗina bai tafi a banza ba. A lokacin, kafin wani sashensa ya rufta a Agustan 2023, daga waje ginin siminti ne kamar kowane, domin a shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon da sabo. Sai da Malam ya nemi izinin mai kula da wurin muka shiga, sannan na ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, mai mulki daga 1834 zuwa 1846. Ginshiƙai ne na ƙasa masu kaurin da mutum biyu ba za su rungume ba, bakan gizo yana tashi daga wannan ya sadu da wancan, azara a jere a sama kamar an saƙa tabarma. Ga sanyi kamar cikin randa, alhali rana na dukan waje. Na sa yatsa ina bin zanen da aka fitar a jikin bango, ina tunanin hannun da ya murza shi kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Malam ya ce a bakin mutanen gari, bayan wannan aiki an kira Babban Gwani Birnin Gwari ya yi wani ginin, da ya gama aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Daga nan hirar ta fara sauya launi.

Muna zaune a inuwa muna shan fura, yana ba 'yata labarin yaƙe-yaƙen Amina, sai ya ce tsohon tarihin Kano ya kawo cewa Sarkin Nupe ya aiko mata da goro 10,000 da babanni 40, wato bayi maza da aka dandaƙe. Yarinya ta rubuta goron, ta tsaya a kan babanni, ta tambaye shi mene ne. Malam ya kalle ni. Ni kuma na yi amfani da damar na yi tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, "Malam, a rabon aikin Hausa Bakwai, Gobir Sarkin Yaƙi, Kano da Rano Sarakunan Baban rini, Katsina da Daura Sarakunan Kasuwa. Zazzau fa?"

Ya ajiye ludayi ya ce, "Sarkin Bayi. Tun da ka tambaya, Alhaji, zan faɗa maka."

Kuma ya faɗa, bai yi kwana-kwana ba. Zazzau ce a bakin kudu, don haka daga nan ake kai hari ƙasashen Gwari da Kadara da sauran ƙabilun da ke kudancin Jihar Kaduna ta yau, a ƙone gari, a koro mata da yara. Wasu a sayar a kasuwa, wasu a haɗa cikin gaisuwar da ake aika wa Sakkwato, wasu a zuba su a rinji, wato ƙauyen bayi da ke noma wa ubangijinsu. Ya ce da yawa daga ƙauyukan da muke wucewa a mota a kewayen Zariya asalinsu rumada ne. 'Ya'yan da aka haifa cikin bauta su ne cucanawa. Bawan da ya samu sassauci yakan yi sana'arsa yana biyan murgu, wato kuɗin da yake ba ubangijinsa, in Allah ya taimake shi ya tara kuɗin fansa. Ko zuwan Turawa bai yanke abin nan take ba: dokarsu ta 'yantar da yaran da aka haifa daga Afrilun 1901, amma ba a soke bautar baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. Su ma Turawan ya ba su nasu kason, ya tuna mana yadda suka tuɓe Sarki Kwasau a 1903 suka kai shi Lakwaja, daga baya suka yi wa Aliyu Ɗan Sidi haka, duk a can suka rasu.

Ina sauraro jikina ya yi sanyi, domin a gidanmu akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, cewa kakar mahaifiyata daga kudu aka kawo ta tana ƙarama, da tsagar da ba irin tamu ba a fuskarta. Ba a taɓa zaunar da mu an ba mu labarinta ba. A ranar na fara ganin hanyar da mai yiwuwa ta biyo, da ƙafa, ta ɗaya daga cikin ƙofofin da muka ƙirga da safe.

Inda nake da ƙorafi a kan Malam shi ne, da ban tambaya ba da bai faɗa ba. Da kansa ya ce yawancin baƙi Amina suke so da hoto a ƙofar Fada, wasu ma ransu ɓaci yake in an ambaci bayi, shi ya sa yake jira a taɓo. Na fahimce shi, amma ban yarda ba. Wanda ya biya kuɗi don ya san gari, a ba shi garin duka, da zaƙinsa da ɗacinsa. Kuma laifin bai tsaya a kansa ba, domin duk inda muka bi ban ga allo ko ɗaya da ya ambaci mutanen nan ba, alhali da guminsu aka noma abincin da ya riƙe birnin.

Ɗaya ƙorafin shi ne lokaci. Saboda makarar safe, sai wajen ƙarfe biyu muka isa Kufena, dutse ya ɗau zafi kamar tanda, muka hau rabi muka sauko. Wusasa ma a gurguje muka leƙa tsohuwar majami'ar nan ta ginin ƙasa ta 1929. Duk mai niyya ya fara da Kufena da sanyin safiya, ya riƙe ruwansa, ya sa takalmi mai kama ƙasa, mata kuma su tafi da mayafi saboda masallaci. Zan sake ɗaukar Malam, har na ba mutum biyu lambarsa, amma na ce musu su yi masa tambayar da na yi.

Da daddare na kira Gwaggo a Funtuwa, ita ce babbar da ta rage mana. Na ce, "Gwaggo, kakar nan tamu mai tsaga, daga wane gari aka kawo ta?" Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sannan ta ce, "Wa ya tayar maka da wannan? Ba maganar waya ba ce. In kun zo da Sallah ka taho da yarinyar."