Ciwon baya: likitan farfaɗo da gaɓoɓi ko likitan fiɗa?

Hajiya, kin ce maigidanki ya ɗaga buhun hatsi a kasuwa baya ya riƙe, yau sati 3 ciwon yana bi ta ɗuwawu har ƙafar hagu. Dangi sun ce a wuce da shi daga nan Maradi zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano a yi aiki, wata kuma ta ce miki akwai likitan da ke maganin baya ba tare da wuƙa ba. Wanne ya fi? Allah ya ba shi lafiya.

Ƙasan bayan mutum gaɓa 5 ne, tsakanin kowace biyu akwai faifai mai taushi kamar matashi. In ya tsage, abin cikinsa ya turo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, sai a ji ciwo irin wanda kika faɗa. Galibi faifai biyu na can ƙasa ne, waɗanda ake rubuta L4-L5 da L5-S1 a takardar hoto.

Likitan fiɗa cire abin da ya danne jijiyar yake yi. In aiki ya yi kyau, ciwon ƙafa yana sauka da wuri, wannan ba gardama. Amma ciwon bayan kansa ba kullum yake tafiya ba, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu, yawancin waɗanda aka yi wa aikin da waɗanda aka bi a hankali kusan wuri ɗaya suke tsayawa. Ga haɗarin sa barci, ga kuɗin hanya da na jinya a ƙasar da ba taku ba.

Shi kuwa likitan farfaɗo da gaɓoɓi, wanda takardunmu ke rubutawa MPR, cikakken likita ne da ya ƙara karatu a kan jijiya da tsoka da gaɓa. Ba shi ne kine ba, wato ma'aikacin da ke yin tausa da koyar da motsa jiki; mutane suna yawan haɗa su. Shi ke auna mara lafiya: ya ɗaga masa ƙafa a miƙe ya ga inda ciwo ke tashi, ya gwada ƙarfin babban yatsan ƙafa, ya ƙwanƙwasa gwiwa. Daga nan ya rubuta magani, ya tsara motsa jikin da kine zai riƙa koya masa, in ciwo ya ƙi ya yi allura kusa da jijiyar. Abin da ya fi burge ni da su, tambayarsu ba ta tsaya ga hoto ba. Suna so su ji ko mutum yana iya ruku'u da sujada, ko yana iya zama a kan babur, da ranar da zai koma sana'arsa. Hanyarsu sai da haƙuri, amma mafi yawan masu irin wannan ciwo suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12, sau da yawa ma jiki da kansa yake shanye abin da ya turo.

Ni dai da mijin ƙanwata ne, da mai farfaɗowa zan ce a fara. Irinsu kaɗan ne a ƙasarmu, don haka ku fara zuwa asibitin jiha na CHR ko na Referans nan Maradi, likita ya duba shi, ku nemi a haɗa shi da kine.

Akwai inda ba a jira ko kwana ɗaya. In fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, in tsakanin cinyoyinsa ya mutu, in ƙafa tana ƙara rauni har takalmi na suɓucewa, wannan na likitan fiɗa ne, a ranar. In kuma akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, a bincika tarin fuka, domin yana cin ƙashin baya, kuma maganinsa daban ne. Kada a kai irin wannan baya wurin maɗori ya danna.

Kafin ku je, don Allah ki hana shi tiramol na masu talla. Na ga samari da suka fara shi saboda baya, har yau ba su rabu da shi ba. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta kan ciwon baya mai daɗewa: ta goyi bayan motsa jiki da tausa da ilimantar da mara lafiya, ta ce a guji irin waɗannan ƙwayoyi da ɗamarar baya da jan baya da na'ura. Diklofenak ma yana taɓa ciki da ƙoda, sai da izinin likita. Kar ya kwanta wuni guda a tabarma. Ya riƙa takawa kaɗan-kaɗan a tsakar gida, buhu kuwa ya bar wa yara tukuna.