Karen teku ko zakin teku: wanne za a ɗauka hoto?

Masu zuwa La Jolla ta San Diego a Amurka sun sha tambayata wanne ya fi daɗin ɗauka a hoto cikin waɗannan dabbobin ruwa biyu da ke fitowa bakin teku su huta.

Zakin teku yana da kunne a fili, yana takawa da ƙafafunsa, ga haushi ba ji ba gani. Ko wayarka ta isa, amma ka matsa kusa da shi, ya gartsa maka cizo.

Karen teku kuwa kunnensa rami ne kawai, jan ciki yake yi, ga tsoro. Sai ka tanadi kyamara mai jawo nesa, ita kuwa da tsada. Bakin ruwan da karnukan teku suke haihuwa ma rufe shi ake yi daga 15 ga Disamba zuwa 15 ga Mayu.

Mai gaggawa da son motsi ya nufi zakin. Mai haƙuri da kayan aiki, karen ne nasa.