Shamuwa da tsuntsayen Turai ba tafiyarsu ɗaya ba

Ɗan'uwa da ka tambaya ko shamuwa ma daga Turai take zuwa kamar tsuntsayen da ake gani a Nguru, kuma wane wata ya kamata ka je kallo, to a'a, ba hanyarsu ɗaya ba, lokacinsu ma akasin juna ne.

Shamuwa 'yar Afirka ce, bata ƙetare Sahara. Wajen Afrilu zuwa Mayu take isowa gab da faɗuwar damina, shi yasa manomi na ganinta sai ya fara gyaran gona. Kuma haihuwa ce ke kawo ta, a kan kuka ko tsamiyar tsakiyar gari take sheƙa, ta yi ƙwai ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsa, ruwa na ɗaukewa wajen Oktoba sai ta bi damina kudu, har su Zambiya da Zimbabuwe. Wannan kam ba sai ka kashe kuɗin mota ba, ƙauyenku ma ya isheka.

Su kuwa na Turai da Rasha, ƙananan agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin fadama, basa ƙwai a nan ko kaɗan, sanyi suke gudowa. Daga Satumba suke fara sauka, su yi hunturu tare da mu, Fabrairu zuwa Afrilu su juya gida. Abinda yafi bani tausayi ƙananan cikinsu ne, a watan Maris zaka gansu basa komai sai ci, kitse suke tarawa saboda hamadar da ke gabansu ta kusan kilomita 2,000 kuma babu abinci a hanya, wallahi duk wanda ya san haka bazai ɗana musu tarko ba.

In su kake so ka je Dagona a Yobe ko Baturiya a Jigawa tsakanin Disamba da Janairu, da sassafe kafin iska ta taso da ƙura. Amma fa ka tambayi mutanen wurin inda ruwa yake kafin ka tashi, don tun da aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa ambaliyar ta ragu, ga kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta cinye wurare da yawa. Kar ka bari sai Afrilu, lokacin agwagin sun tafi.