Wanne za ka saya don darasin launin fata da siyasar Amurka?

Malam, in kana koyar da Gwamnati ko Tarihi a sakandare a nan Katsina, wata rana ɗan SS2 zai tambaye ka yadda aka yi baƙar fata ya ci zaɓen Amurka a 2008, bayan sai a 1965 aka yi dokar da ta kare wa baƙaƙe 'yancin jefa ƙuri'a. Albashi ba zai sayi duk kayan koyar da wannan darasi ba, dole a zaɓa.

Mutane sukan fara miƙa hannu ga A Promised Land, littafin Barack Obama na 2020. Ya haura shafi 700, ga tsada, ga Turanci mai nauyi, kuma labarin ya tsaya a 2011. Na malami ne shi kaɗai. Wanda ya fitar a 1995, Dreams from My Father, ya fi shiga ran yara, don labarin yaro ne da ubansa ɗan Kenya, uwarsa Baturiya 'yar Kansas. Sai dai babu zancen shugabanci a ciki, kuma duka biyun bakin mutum ɗaya ne.

Ni dai na fi son jawabin da ya yi a Filadelfiya ranar 18 ga Maris 2008. A ciki ya taɓo fushin baƙaƙe, ya kuma taɓo ƙorafin talakawan Turawa, don haka aji zai sami abin muhawara. Bidiyon ya haura rabin awa, yana buƙatar majigi da man janareta. Rubutaccen kuwa kyauta yake a intanet. Ka buga a shagon kwamfuta, ka yi kwafi, kowane benci guda ɗaya, yara su ja layi da biro kana fassara musu da Hausa.

Sauran kuma alli ya isa. Rubuta 2011 a allo, shekarar da Obama ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa ta jihar Hawai a Amurka saboda masu cewa ba ɗan ƙasa ba ne, Donald Trump na gaba-gaba cikinsu. Nan za ka ga yara sun farka, domin sun san wahalar neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Sannan 2020, kisan da wani ɗan sanda ya yi wa baƙar fata George Floyd a birnin Minneapolis ana saura watanni zaɓe.

Guntayen bidiyon WhatsApp kam, kada ka ƙona musu data. Yawanci an yanke farkon magana da ƙarshenta.