Shekara guda ina aiki da GitLab daga ɗakina a Agege

Ranar da GitLab, dandalin intanet da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu su yi shi tare, ya kwanta mini a rai, ɗauke wuta aka yi. Wajen ƙarfe tara na dare ne, batirin inbata ya fara kukan mutuwa, ni kuma ina tsakiyar gyaran wani ɓangare na manhajar biyan kuɗi da muke ginawa. Kafin komai ya mutu na tura abin da na yi, na rubuta layi huɗu a ƙarƙashin tikitin aikin, wato shafin da aka buɗe wa aikin a GitLab: ga inda na tsaya, ga abin da nake zargi, ga abin da na gwada bai yi ba, ga wanda ban kai ga gwadawa ba. Da na dawo daga sallar asuba na duba waya, sai na tarar abokiyar aikina ta Nairobi, da yake agogonsu ya riga namu da awa biyu, ta ɗora daga inda na ajiye, ta gano kuskuren, ta bar mini bayani. Ba wanda ya buga wa wani waya.

Mu bakwai ne a kamfanin: uku a Legas, ɗaya a Kano, biyu a Nairobi, oga kuma a Berlin. Da can kullum sai an yi mitin na bidiyo da safe, data tana tsiyaya, rabin lokacin ana "kuna ji na?" Duk shawarar da aka yanke tana nutsewa a zauren hira, bayan wata biyu ka neme ta ka rasa.

Abin da GitLab ya yi mana shi ne ya tara komai wuri guda. Kowane aiki yana da tikitinsa, da sunan mutum ɗaya da alhakin ya rataya a wuyansa. Idan ka gama rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, sai ka buɗe takardar neman a haɗe gyaranka da uwar manhajar. A nan abokan aiki ke bin layi ɗaya bayan ɗaya suna tsokaci, injin gwaji kuma yana duba ko ka ɓata wani abu, ya nuna kore ko ja. Allon ayyuka yana nuna abin da ke jira, da wanda ake kai, da wanda aka gama, saboda haka oga ya daina tambayar "ina aka kwana?" Wani ƙaramin abu da nake ƙauna: ana iya amsa tsokaci ta imel kai tsaye. Na sha yin haka a cikin danfo, gosulo ya riƙe mu a Ikeja Along, netwok ba zai iya buɗe shafi mai nauyi ba amma imel yana wucewa.

Kamfanin da ya yi GitLab ma haka yake aiki. Dmitriy Zaporozhets ne ya fara rubuta manhajar a Yukiren a 2011, daga baya Sid Sijbrandij na ƙasar Holan ya haɗu da shi suka kafa kamfani. Ma'aikatansu daga gida suke aiki a ƙasashe da dama, kuma kundin tsarin aikinsu a buɗe yake a intanet, kowa na iya karanta yadda suke ɗaukar ma'aikata da yadda suke yanke shawara. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyansu ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, aka rasa bayanan kusan awa shida. Maimakon su rufe ƙofa, sai suka nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube, suka rubuta dalla-dalla yadda abin ya faru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga kundin nasu muka ari ɗabi'a guda: abin da ba a rubuta ba, ba a yanke shi ba.

To amma wannan buɗaɗɗen aiki shi ne ya fi ba ni wuya, kuma ba laifin manhajar ba ne. Ni ɗan gidan da ake jan mutum gefe a yi masa gyara ne. A watana na biyu, yaron nan namu na Kano, wanda na girme shi da shekara goma sha ɗaya, ya rubuta a ƙarƙashin kod ɗina inda kowa ke gani: "Yaya, ina ganin wannan layin zai cire wa mutum kuɗi sau biyu idan netwok ya yanke." Gaskiyarsa ce. Amma na yi kusan awa guda ina kallon allon, kunya ta rufe ni, har maiɗakina ta tambaye ni ko lafiya. Da a ofis ne da ya same ni a keɓe, da kuma ba wanda ya ƙaru sai ni kaɗai. Bayan wata huɗu sabon ma'aikaci ya zo zai maimaita irin kuskuren, aka tura masa wannan tsokacin, magana ta ƙare. Har yanzu ina jin ɗan zafi idan aka gyara ni a bainar jama'a, sai dai na daina ɗaukarsa raini.

Da azumi na ga ribar tsarin sosai. Ina aiki daga bayan sahur zuwa azahar, in kwanta, in dawo bayan tarawihi. Ranar Juma'a ba na neman izinin kowa kafin in tafi masallaci. Mitin ɗinmu ya koma sau ɗaya a mako, shi ma sai an rubuta abin da za a tattauna tun kafin a zauna. Wanda ke son amsa nan take kuwa zai sha haushi, domin tambayar da ka yi da azahar wataƙila sai gobe. Kuma wanda ke ƙyuyar rubutu zai bar tikiti fayau, manhaja ba za ta cike masa ba.

Batun kuɗi, a yi lissafi tukuna. Tsarin kyauta yana ɗaukar mutum biyar ne kawai a rukuni na sirri, da mintuna 400 na injin gwaji a wata. Da muka zama shida dole muka koma tsarin Premium, dala 29 kan kowane mutum a wata, kuma na shekara ake biya gaba ɗaya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga kamfanin da ke samun kuɗinsa da naira. Akwai nau'in da za ka ɗora a kan sabarka, wato kwamfutar kanka da za ta riƙe manhajar, kyauta, amma sai ka tanadi wuta mara yankewa da mai kula da ita. Abokina da ke da ƙaramin kamfani a Yaba, su huɗu ne, na ce masa ya tsaya a na kyauta har sai sun ɗauki mutum na shida.