Na sayi tandar zamani, amma ta Inna ba ta bar gidan ba

Tandar Inna ta tsage ana saura kwana uku a fara azumin 2024. Ƙanwata ce ta sauke ta daga wuta da zafinta ta dire a kan jiƙaƙƙen siminti, sai muka ji ƙas. Tsagar ta ratsa gurbi biyu. Ta ƙasa ce, ta yi baƙi ƙirin saboda shan mai da hayaƙi, kuma da ita aka kawo Inna gidan Baba daga Bauchi a cikin kayan aurenta. Mu nan Kano waina muke cewa, ita kuwa har gobe masa take cewa, kuma duk wanda ya san mutanen Bauchi da masa ya san ba ƙaramin rashi aka yi ba.

Washegari na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo ta zamani, irin mai baƙin shafen nan a ciki da ba ta kamu, mai gurbi 7 da mariƙi da marfin gilashi. Na fi shekara ina aiki da ita yanzu, don haka ina da ta cewa.

Tsakani da Allah ta hutar da ni. Ba hura gawayi, ba fifita, ba hawaye. A kunna gas kawai, kafin a gama motsa ƙullu ta yi zafi. Mai ɗan kaɗan ya ishe ta, a wannan tsadar kuwa ba abin rainawa ba ne. Sabuwar tandar ƙasa sai an yi ta shafa mata mai ana gasawa, zubin farko duk asara ne, ita kuwa wannan ranar da ta zo wainar ta juyu salin-alin.

Matsalarta wuta. Harshen gas gurbin tsakiya yake bugu, sai ta tsakiyar ta fara ƙauri na gefe ba su ko kama jikinsu ba. Dole a rage wuta a riƙa jujjuya tandar. Ga jikinta ba kauri, ana zuba ƙullu sai ta huce. Ta ƙasa tana da nawa wajen ɗaukar zafi, amma in ta ɗauka ba ta saki, shi ke ba waina jan gefen nan mai ƙaras-ƙaras, ciki kuma laushi kamar auduga. Wainar ta zamani fara sol take fitowa, kyau a ido, kamar ba ta shiga wuta ba. Kuma don Allah kada ku kusanto tandar da cokalin ƙarfe. Ni na yi gangancin, gurbi biyu suka karce, yanzu su ne ke kamu. Tsinken tsire ya wadatar.

Ranar Sallah na yi mata gwajin gaske. Na jiƙa shinkafar tuwo, na dafa kaɗan na haɗa aka niƙa, na sa yis ƙullu ya kwana ya tashi, na yi miyar taushe. Inna ta ci guda biyu ba ta ce uffan ba. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana.

"Ke 'yar nan, ƙullunki ya yi. Tandar ce ba ta san hannun kowa ba."

Na ce, "Inna, ai ba ta kamu."

"Tawa ma ba ta kamu. Shekara nawa na yi ina ba ta mai?"

Mai soya wa yara kafin su tafi makaranta ta sayi ta zamani, ba za ta yi nadama ba. Mai sana'ar waina kuwa ta riƙe murhunta.

Ƙanina ya ce a jefar da tsohuwar tunda ta mutu. Inna ko kallonsa ba ta yi ba, ta ɗauke ta ta naɗe a tsohon zani ta tura ƙarƙashin gado. Sai a ranar na gano ashe kowannenmu yana da gurbinsa tun muna yara. Nawa na kusa da inda bakinta ya ɗan ɓantare, kuma ya tsira daga tsagar. Har ƙannena mata sun fara gardamar wadda za a bar wa.

Ranar Juma'a in jikoki sun cika gidan, takan fito da ita ta hura gawayi da kanta, ta zuba ƙullu tana tsallake gurbi biyun nan.